Tambayar da Baba Sani ya ƙure ni da ita

Tas! Tartsatsi ya tashi, Baba Sani ya ja da baya har hularsa ta faɗi.

Manomin albasa ne daga Ruwan Gizo. Kwana uku famfonsa na ban ruwa sai gurnani yake, ba ya juyawa, dashe har ya fara kwantawa. Da ya kawo mini gyara, na ce kafasita ce ta mutu, 'yar gwangwanin da ke ba inji turin farko. Bai yarda ba. Sai na ɗosana sabuwa a soket, na zare, na haɗa bakinta biyu da sukudireba.

"Kai ɗana, ba ta jone da komi hwa! Ina ta samo wuta?"

"Ajiyewa take, Baba, kamar dam ɗin Bakolori."

"To ɗazu ka ce wutar gari zuwa take tana komowa. Wace ta ajiye, mai zuwa ko mai komowa?"

Na ɗaura kafasitar, famfo ya tashi, Baba Sani ya ɗauka ya yi gona yana dariya.

Shekara ashirin ina gyara a Mafara, ba wanda ya koya mini, yau manomi ya ɗaure ni. Masana lantarki, ku fid da ni kunya: wace ta ajiye?