Kunnen da ya Riƙe Mana Kogon Kamisawa

Ƙarfe shida da rabi na safe Kajitani Minoru yake fito da kekensa daga rumfa. Keken ya girmi yawancin ma'aikatan ofishinmu. A kwandon baya akwai tsintsiya, almakashin datse reshe, guntun alli, da curin shinkafa biyu da matarsa ta ƙulle masa a ƙyalle. Guduma ce kaɗai ba ta shiga kwando. Ƙotarta doguwa ce, kanta ƙarami, yana rataya ta a baya kamar mai zuwa farauta.

Kafin ya hau hanya sai ya tsaya a bakinta, ya miƙa yatsa dama ya ce da ƙarfi, "Dama, lafiya." Ya miƙa hagu: "Hagu, lafiya." Haka ma'aikatan jirgin ƙasa irinsa suke yi, su nuna abu da yatsa su kira shi da baki, don kada ido ya yaudare su. Sai dai jirgi na ƙarshe ya bi ta nan shekara talatin da huɗu ke nan. Da aka rufe ramin haƙar tama da jirgin yake yi wa aiki sai aka kwashe dogo, aka shimfiɗa kwalta a gurbinsa, aka ce daga yau hanyar kekuna ce, mota ba ta hawa. Kowa ya ji sanarwar. Kajitani, wanda muke kira Kaji-san don girmamawa, shi ma ya ji, yatsansa ne bai ji ba.

Kilomita ashirin da takwas ce daga Shimoura a bakin teku zuwa tsohon garinmu Kamisawa, kuma ba ya gama ta a rana ɗaya. Ya yanka ta gida uku, kowace rana da rabonta. Baƙin da ke zuwa daga birni da kekunansu masu tsada suna wuce shi a guje, su ɗan duƙar da kai, shi ma ya duƙar. Da yamma sai su rubuta a littafin baƙi na masauki cewa hanyar tsaf take, kamar ganye ba ya faɗuwa a ƙasarmu. Ganye yana faɗuwa. A kwanar dajin gora har da gangan yake faɗuwa, ya jiƙe ya yi santsi daidai inda gangara take ƙarewa. Matar mai kula da haikalin da ke saman kwanar ta ce shekara ashirin ba ta taɓa kammala shanya ba tare da jin ƙarar tsintsiyarsa ba. Mai gidan hayar kekuna na Shimoura ya ce washegarin wata babbar guguwa, da ya fito duba ɓarna, ya tarar an riga an sare itacen da ya faɗo an jere shi a gefe, guntu-guntu, tsawonsu ɗaya. Wanda ya yi bai bar takarda ba. Tsawon da ya zo ɗaya shi ne sa hannunsa.

Ni kuwa Ebara nake, shugaban sashen yawon buɗe ido na ofishin gari, sashen da ke da ma'aikaci ɗaya da kujera biyu. Aikina buga takardun talla. Na rubuta "iska mai daɗi" a kan wannan hanya fiye da sau ɗari, na hau ta daga farko zuwa ƙarshe sau biyu, kuma a na biyun an dawo da ni a motar manomi.

Saura kilomita uku a shigo Kamisawa hanyar take shiga kogo, wanda aka fafe a cikin dutse domin jirgi, aka ɗaure shi da jan tubali shekara fiye da ɗari. Tsawonsa mita ɗari shida. Hukumar lardi ta yarda a bar shi a buɗe bisa sharaɗi ɗaya: kowane wata sai wani mai takardar shaida ya bi shi da guduma, ya bubbuga bango, ya saurara, ya sa hannu. Kaji-san ne mai wannan takarda. Tubalin da ke manne da dutse ƙararsa siririya ce, ƙal. Wanda ruwa ya cinye bayansa ƙararsa a dishe take. An ce haka. Ni duk ƙarar guduma nake ji. In babu mai sa hannu, za a rufe kogon, a karkatar da kekuna zuwa babban titi, su hau tudu kilomita huɗu a tsakanin manyan motocin siminti. Wanda ya zo da iyalinsa ba zai yi wannan ba, zai juya ne daga bakin kogo. Masaukai biyu da shagon miso, wato daddawar waken soya, da mai sayar da taliya a tsohon layinmu duk ta wannan rami suke numfashi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, saura kwana biyu a yi hawan kekuna na bazara, mutum ɗari huɗu sun ba da suna, Kaji-san ya shigo ofis da laka a takalmi.

Ya kira ni yadda babba yake kiran ƙarami, ya ce, "Ebara-kun, a rufe kogo. Mita ɗari biyu da goma, sama ta hagu."

Na ce, "Ya tsage ne?"

"A'a."

"Yana yoyo?"

"A'a. Muryarsa ce ta canza."

Na ce, "Kaji-san, me zan rubuta wa magajin gari? Bango ya yi mura?"

Ya ce, "Rubuta abin da ka ga dama, kai ne mai alƙalami. Ni dai ba zan sa hannu ba."

Na yi masa bayani na minti arba'in a kan furannin da suka buɗe da abincin da aka riga aka yi oda. Ya saurare ni yadda yake sauraron bango, kuma ina jin ya gane wane irin tubali ne ni. Aka rufe. Na sha zagi a waya kwana biyu, cikin ladabi, wanda ya fi zafi. Bayan mako uku injiniyoyi suka zo suka zare tubali ɗaya a wurin da ya zana da alli, sai 'yan uwansa suka biyo shi, cikin baro huɗu. A rahoton shekara an yaba wa sashena bisa saurin ɗaukar mataki. Na karɓi takardar yabon da hannu biyu. Tana nan a bangon ofis, kuma Kaji-san bai taɓa kallonta ba, abin da na ɗauka a matsayin kirki.

Kai ne, Kaji-san, mai kunnen dutse. Kai ne ka yi shekara talatin kana gadin mutanen da ba su san akwai abin tsoro ba, suna shiga kogon suna buga ƙararrawa don su ji amsa-kuwwa.

A watan Nuwamban bara ya sake shigowa ofis, wannan karon takalminsa fes. Ya kwance gudumar ya ɗora a kan teburina. A bangon tsohuwar tashar Kamisawa akwai tubali ɗaya holoƙo da ya sani tun yana saurayi. Ashe kowace safiya yakan buga shi, ya buga na kusa da shi, don ya gwada kunnensa kafin ya gwada bango. Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ma ya sani.

Ya ce, "Kwana tara ke nan ƙararsu ɗaya."

Shekarunsa saba'in da shida. Na san abin da ya kamata in ce, sai na faɗi ɗayan. Na ce, "Wa ya sani ban da ni da kai? Ka ci gaba da sa hannu zuwa bazara, kafin nan mu nemi wani. Ai bangon ya san ka."

Ya ce, "Ebara-kun, jikarka ba ta bin kogon nan zuwa makaranta?"

Ba ni da jika, 'ya ce, kuma tana bi. Ban gyara masa ba.

Hukumar lardi ta ba mu zuwa ɗaya ga Afrilu, tunda dama a rufe kogon yake lokacin dusar ƙanƙara. In ba mu samo mai kunne ba, ba za a sake buɗe shi ba. Kaji-san ya tara mu a jikin bangon tasha wata Asabar da hantsi: ni, da mai gidan hayar kekuna, da wani malamin kiɗa mai ritaya da muka ɗora wa buri. Kowa zai bubbuga tubali talatin ya nuna holoƙon. Mai hayar kekuna ya nuna bakwai. Malamin kiɗa ya ce kowane tubali da muryarsa, abin sha'awa, ya ƙi zaɓa. Ni na zaɓi ɗaya da cikakken tabbaci, saboda launinsa ya fi na sauran duhu.

Muna cikin haka Fukue Tokiko ta turo baron kabeji ta tsaya. Manomiya ce, shekarunta sittin da uku, kuma ta san ni tun ina fitsarin kwance.

Ta ce, "Shugaba, ashe ka iya riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi. Me bangon ya yi muku, maza uku a kansa?"

Na ce, "Aikin hukuma ne, Tokiko-san."

"Na gani. Shi ya sa ba ya ci gaba. Ba ni nan."

Ta karɓi gudumar ta riƙe ta a wuya kamar ludayi. Ta bi layin tana bugawa tana ci gaba da zagina, ba ta ko rage murya ba. A na goma sha tara ta tsaya. Ta sake bugawa.

Ta ce, "Wannan da kankana ce ba zan kai ta kasuwa ba. Cikinta ya rabu."

Shi ne kuwa holoƙon. Shekara arba'in tana ƙwanƙwasa kankana da ɗan yatsa kowane rani, dubu-dubu. Duk garin mun san haka, muna cin kankanarta, ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan. Kaji-san ya cire hularsa ya duƙa mata, duƙawar da ban taɓa ganin ya yi wa magajin gari ba.

Ta ce, "Kai tsoho, miƙe kafin bayanka ya riƙe. Ina da kabeji."

Sau huɗu ya je gidanta kafin ta yarda ta gaje shi. Duk tsawon sanyin nan suna cikin kogo da fitila, tana bugawa, shi yana dafe da bango da tafin hannu, yana gaya mata abin da kowane wuri ya saba faɗa shekara talatin. Tana ce masa kurma, yana ce mata bai ji ba. A watan Maris ta je babban birnin lardi ta ci jarrabawar takardar shaida, ta dawo tana ƙorafin cewa shayinsu salam ne.

Ran ɗaya ga Afrilu aka zare sarƙa daga bakin kogo. Ba a yi biki ba, domin Kaji-san ya ce in aka yi ba zai zo ba. Mu uku ne kawai, sai wasu mata da miji da suka taso daga Shimoura da sassafe suna jira a ba su hanya. Ya miƙa wa Tokiko gudumar da hannu biyu. Ta rataya, ta juya za ta shiga.

Ya ce, "Kin manta."

Ta ce, "Ba zan tsaya ina yi wa dutse magana a gaban mutane ba."

Bai matsa daga hanya ba. Ta ja tsaki, ta miƙa yatsa cikin duhun, ta ce, "Kogo, lafiya." Sannan ya matsa. Baƙin suka shige suna buga ƙararrawa.

Mun gode, Kaji-san. Mun gode da ganyen da ba mu taɓa zamewa a kai ba, da tubalin da bai faɗo wa kowa ba. Na fi gode maka da ranar da ka ajiye gudumar a teburina, ka ƙi shawarata, kamar yadda ka saba. Mu da muke riƙe da alƙalami da hatimi, kowa ya nemi tubalinsa na gwaji, ya riƙa buga shi da safe. Ranar da ƙarar ta zama ɗaya, ya faɗa da bakinsa kafin bango ya faɗa.

Har yanzu yana fitowa ƙarfe shida da rabi, ya ce shara ba ta bukatar kunne. In kun wuce wani tsoho a kwanar gora yana nuna hanya da yatsa, ku rage gudu ku gaishe shi. Ku ɗaga murya.