Allurar da Ta Dawo Daga Bola

Salama gare ku. Masu tambaya ko Malam Hadi ya rasu ne, tunda wata tara ba ku ji ɗuriyata ba: ban rasu ba, leƙawa dai na yi na dawo.

Shekarun baya na taɓa jin wata jita-jita, wai allurar da aka jefar a bola ba ta mutuwa. Akwai masu tsinto ta, su ɗauraye, ta koma bakin aiki. Na yi dariya, na ce ashe allura ma tana da fatalwa.

Bara da kaka wani mataunina ya hana ni ko da tuwo. Ranar kasuwa a wajen Gwaram na tarar da Ɗanladi mai cire haƙori a gindin ɗorawa, ya baza kayansa a kan buhu. Har allurar kashe zafi gare shi, irin ta asibiti.

"Baba, cizon sauro ma ya fi ta zafi."

Ya cire, na koma Fagam ina sa masa albarka.

Bayan wata uku abinci ya fita raina. Fitsari ya koma kamar shayi. Mai ɗakina Hajara ta ce, "Malam, idonka ya zama gwaiduwa." Muka ce ciwon shawara ne. Kwana goma ina shan jiƙo, ƙasa kawai nake yi.

Sai asibiti a Birnin Kudu. Kati, layi, ɗibar jini, hoton ciki. Tumakina biyu suka tafi.

Likita ya ce ciwon hanta ne, irin mai bin jini. "An taɓa yi maka ƙarin jini? Allura a waje fa?" Na ce haƙori kawai na cire. Ya ajiye biro.

Aka gwada Hajara. Jiran sakamakonta ya fi mini jinyar nauyi. Ta tsira, aka yi mata rigakafi.

Sati biyu na yi a kwance. A gado na uku daga nawa akwai wani mai kumburarren ciki, kullum baya yake juya mini.

Watan jiya gwaji ya nuna cutar ta bar jinina. Alhamdu lillahi.

Na koma sashen haƙori, don ashe Ɗanladi ya bar mini guntu a dasashi. Wata ɗaliba mai koyon aikin, sa'ar jikata, ta yage sabuwar allura a gabana. Da aka gama ta jefa ta cikin wani kwali mai ƙaramin baki. Na ce, "'Yata, asusu kike yi?"

"Baba, abin da ya shiga nan sai wuta. Ko audugar da ta taɓa jininka jakarta daban. Tun kafin mu riƙe haƙori ake koya mana wannan."

Allah ya yi mata albarka, da likitoci, da Hajara, da ku masu addu'a.

Shawarata: a ɓare allura a kan idonku, ku kuma ga inda aka jefa ta. Ido ya yi rawaya, a je a gwada jini. A yi rigakafi.

Jita-jitar nan kuwa na daina yi mata dariya. Wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe, ran da aka sallame ni daga asibiti ya juyo a kan gadonsa, ya nuna mini yatsunsa duk tabon sukar allura.

"Gaskiya ne, Baba. Ni nake tsintowa. Ka yafe mini."

Na yafe. Da na dawo ganin likita an naɗe katifarsa, ya rasu.

Mai gado na uku ne. Ɗanladi.