Kunzugun Arlit da jar akuyata

Shekarun baya, shekarar da fari ya sake dawo mana, na haifi 'yata ta uku a ƙauyenmu kusa da Ollelewa. Wata biyu nonona ya ƙafe. Akuya ɗaya ta rage mana, ja, ita nake tatsa in ba yarinyar.

Kunzugunmu tsumman tsohon zane ne. Ka wanke, ka shanya, in ya mutu ka jefa juji ya ruɓe, a kwashe da taki a kai gona. Amma wanki sai da ruwa, rijiya kuwa tafiyar rabin wuni ce.

Sai ƙanen mijina ya zo daga Arlit, inda yake yi wa wani Bature kuku. Ya ajiye mini wani ƙunshi.

"Matar yaya, ga kush, kunzugun Turawa. Ki ɗaura mata, in ta ɓata ki yar. Kin huta da warin nan da ke korar baƙi."

Na ce, "Kai ma a cikinsa aka raine ka, ɗan banza."

Na farko ban yarda na yar ba. Abu fari tas haka? Na wanke shi, ya kumbura ya tarwatse a hannuna, na yi asarar ƙwarya guda ta ruwa. Sauran na riƙa jefawa juji. A sanina duk abin da ya je juji ƙasa yake zama.

Babu ciyawa a shekarar. Akuya kullum tana kan juji, ban kula ba.

Ta fara ƙin dussa. Cikinta ya yi tauri, nono ya ja baya har ya ɗauke. Kafin ta mutu mushe mijina ya sa mata wuƙa. Da ya farka tumbin sai ga ledar kush a dunƙule, ta kai kan jariri. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, me za ta sha?"

Kwana biyu ina ɗura wa yarinyar ruwan kunu tana amayarwa. Rana ta uku maƙwabciyata ta shigo da ɗanta a goye, ta ce, "Miƙo ta nan, 'yar'uwa. Nono biyu Allah ya ba ni." Wata takwas tana shayar da ita.

Yarinya ta rayu. Suka girma tare da ɗan maƙwabciyar, har ya turo neman aurenta, ita ma tana so. Liman ya ce babu hali, nono ɗaya suka sha, wa da ƙanwa ne. Ta yi shekara ba ta yi mini dariya ba.

Yanzu kush ya cika kasuwar Tanout, jikokina ma shi ake sa musu. Ban hana kowa ba, na san wahalar ruwa. Na dai koyi tambayar inda abu zai ƙare kafin in karɓa. Ita kuma 'yar tawa ta auri wani a Belbeji. In sun haɗu da yaron a wurin suna ko ta'aziyya, har yau Yaya take ce masa, ta wuce.