Ranar da Muka Juya Bakin Rabin Wata a Fakon Malam Ummaru

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Laraba ce, cikin bazara, kuma har yau ranar ba ta fita raina ba. Ina tsaye a wani fako kusa da Kalmalo, tare da mai gonar, Malam Ummaru, da masu haƙa su shida. A lokacin ni ne malamin gona mai kula da yankin. Fako, ga wanda bai sani ba, ƙasa ce da ta daskare kamar daɓe. Ruwa ya sauka a kanta ya wuce, ko ciyawa ba ta tsirowa.

Aikin da muka je yi shi ne rabin wata, kuma ga tsarinsa. Na farko, a zana rabin da'ira a ƙasa, faɗin bakinta taku huɗu. Na biyu, a haƙe cikinta da diga, a jera ƙasar da aka fitar a bayanta ta zama kunya. Na uku, a zuba taki a ciki. Sharaɗin guda ne: dole bakin ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, domin ya shiga, kunyar ta tare shi, ya nutse. In ruwa ya zo ta gefe, sai ya ci kunyar ya tafi da takin.

Gonar ta gado ce, ta yi shekaru ba ta ba Malam Ummaru ko dami ɗaya ba. Ni na lallashe shi ya yarda. Duk takin da dabbobinsa suka tara a shekarar ya kwaso ya kawo nan, bai bar wa ɗaya gonarsa ko kwando ba. In aikin ya lalace, gona biyu ya rasa a damina ɗaya.

Kwana biyu muna aiki, mun gama guda talatin. Ƙa'ida ta ce a auna gangare kafin a kafa turke. Ban auna ba. Na ce kowa a nan ya san ruwa tafkin garin yake nufa, don haka na sa duka suka ba tafki baya.

A wannan safiya sai ga Arɗo Jaɓɓi, wani dattijon makiyayi, yana kora shanunsa. Ya tsaya ya dogara sanda.

"Malamin gona, mi kuka gina nan? Kaburburan gero?"

Malam Ummaru ya ce, "Kai Arɗo, wuce da shanunka. Wanda bai taɓa riƙa kwasa ba shi ka koya muna noma?"

"Ban riƙa kwasa ba, amma ruwa ya duke ni wurin nan ya fi a ƙirga. Ku in hadari ya taso gida kuka gudu. Ruwan nan ba shi zuwa tabki kai tsaye. Gabas shika yi, sai ya hwaɗa kwazazzabo, kana shi juya."

Raina ya ɓaci, amma na ce ya nuna mini shaida. Ya ja ni gindin wata sabara ya ce in durƙusa. Kashin awaki da karmami da tsinke duk sun taru a gefenta na yamma, alamar daga yamma ruwa ke turo su. Muka duba ta biyu, muka duba ta uku, haka. Na so in ce iska ce, sai na tuna iskar hadari daga gabas take zuwa. Da ita ta share su, da a gefen gabas za su taru.

Ba na karɓar magana sai na gwada. Na sa aka kawo ruwa duro biyu a amalanke, aka juye a saman gonar. Muna kallo ya miƙe gabas, ya bugi ƙarshen kunyar farko, ya ɗan ci ta, ya wuce abinsa. Ko ludayi bai shiga ramin ba.

Malam Ummaru ya dube ni. "Malam, takina hwa?"

Na ce, "Laifina ne, ba naka ba, ba na masu haƙa ba. Takinka ba zai salwanta ba."

Na kira shugaban sashenmu a waya, domin washegari ne yake jiran rahoton kammala aiki. Na gaya masa abin da ya faru ba ragi.

Ya ce, "Rabin wata ai rabin wata ne. Wa zai duba inda ya kalla?"

Na ce, "Ruwa zai duba, yallaɓai."

Ya ce ya ba ni kwana uku.

Muka bi aikin daki-daki. Muka kwashe takin a kwanduna muka ajiye gefe, muka rushe kunyoyin, muka sake zane, muka haƙa, muka mayar da takin. Masu haƙa suka yi ta gunaguni, sai da na tuɓe riga na ɗauki diga da kaina suka bari. Arɗo kuwa kullum sai ya biyo ya ce, "Awo, yanzu kun ba su baki."

Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, na isa gonar da sassafe. Kowane rami cike yake, takin yana nan a ƙasansa, ba kunyar da ta karye. Da kaka Malam Ummaru ya ɗaure damin gero goma sha ɗaya a wurin. Karan kuma bai bar wa kowa ba sai shanun Arɗo, suka kwana bakwai a gonar suka bar masa sabon taki.

Abin da na koya shi ne, mu malaman gona da rani muke ganin ƙasa, a bushe. Wanda ya san tafiyar ruwa shi ne wanda yake tsaye a fili lokacin da ake yinsa.

Saboda haka ina roƙonku, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu: kada ku kafa turke ko ɗaya sai kun auna gangare, kun durƙusa gindin sabara, kun kuma nemo makiyayin da ke bin wurin kun tambaye shi.