Wa Zai Ci da Wa

Ni ne da laifi. Na faɗa tun daga farko don kada mai karatu ya wahalar da kansa yana nema mini uzuri. Ni kaina na shafe watanni ina nema, ban samu ba.

Tela ne ni. Shagona yana Arras, a Treichville, tsakanin mai gyaran firji da wata mai kitso. Karatuna bai wuce firamare ba, sai abin da na tsinta a majami'a da bakin masu kawo ɗinki. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, tana Adjamé Saint-Michel. Yawancinmu mutanen ƙasar Maraɗi ne, da 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Cikin Hausawan Abidjan mu 'yan kaɗan ne. Maƙwabtanmu Musulmi ne, muna zuwa sunansu, suna zuwa bikinmu.

A da muna da wani taro da muke kira zango. Duk watan takwas, in yara sun samu dogon hutu, sai mu rufe shaguna na kwana uku, mu naɗe tabarmi, mu ɗauki bokitai, mu hau jirgin ruwa a tashar Treichville mu haye, mu sauka a wata makaranta da ake ba mu aro. Maza su kwana a aji ɗaya, mata a wani. A yi waƙa, a yi wa'azi, a yi addu'a, a ci abinci. Da aka shiga shekarun rikici sai aka daina. Da ƙasa ta lafa kuma, ba wanda ya sake ta da zancen, har yaran da aka goya zuwa zango na ƙarshe suka yi gemu.

Bara sabon fastonmu ya ce a farfaɗo da shi. Matashi ne, bai taɓa ganin na da ba, labari kawai ya ji. Aka ɗora mini shugabancin shiri, domin na halarci na da, kuma ina jin Faransanci daidai yadda zan iya da matasanmu, waɗanda Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da neman abinci. Na ji daɗin muƙamin fiye da yadda ya kamata. Har sabuwar riga na ɗinka wa kaina.

Akwai wata tsohuwa da dukanmu muke kira Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana toya ƙosai a ƙofar gidan hayarsu a Saint-Michel. Ita ce mai girkin zango tun ina saurayi. Abin da na fi tunawa game da ita shi ne ba ta barin kowa ya zauna inda yake so. A manyan farantai ake ci, mutum biyar-biyar, maza daban mata daban. Sai ta tsaya bakin tukunya da ludayi a hannu tana nunawa: kai can, kai bi shi, ke koma wancan. Farantin da ta sa ka ranar farko, nan za ka ci har a tashi. Mu samari mun ɗauka son mulki ne kawai. A bayan idonta sarkin tukunya muke ce mata.

Wata Lahadi bayan sujada muka zauna taron shiri. Na bayyana cewa an wuce zamanin faranti. Kowa za a ba shi nasa a roba mai murfi, da cokalinsa a ciki. Ya fi tsabta, ya fi sauri, kuma yaran yanzu ba su saba sa hannu da kowa ba. Mutane suka gyaɗa kai. Sai Inna ta ɗaga hannu daga bencin mata.

"Tela, to wa zai raba mutane?"

"A raba su a yi me, Inna? Kowa ya ɗauki nasa ya zauna inda iska ta fi masa daɗi."

"Farantaina suna nan. Na fito da su na wanke tun da na ji labari."

"Ki huta, Inna. Kin yi naki."

Da a nan na tsaya, da abin bai kai inda ya kai ba. Amma sai na juya wajen matasa na ce da Faransanci, tsohuwa so take ta mayar da mu ƙauye, saura ta kawo mana ƙwarya da jaki. Suka kwashe da dariya. Na ga Inna ta karkata wajen matar da ke kusa da ita tana tambaya. Matar ta raɗa mata. Inna ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ta zauna har aka yi addu'ar rufewa. Daga wannan Lahadin ba ta ƙara taka majami'a ba.

An yi zango, kuma ba zan ce bai yi kyau ba. Jirgi ya cika da mu, yara suna leƙen ruwa, mata suna waƙa. Mai wa'azin da muka gayyato ya iya bakinsa, ya yi kwana uku a kan gafara, muna ta amin. Abinci bai taɓa makara ba. In an raba robobi, sai ka ga mutanen Treichville sun nufi gindin mangwaro, na Adjamé sun hau baranda, matasa sun jeru jikin katanga kowa da wayarsa. Akwai wa da ƙane, masu sayar da takalma, da suka daɗe ba sa ga-maciji saboda rigimar wata rumfa. Ɗaya ya ci a gabas, ɗaya a yamma. Na gani, ban ɗauke shi komai ba.

A jirgin dawowa ina tsaye bayan wasu dattawa biyu. Ɗaya ya ce, "An yi taro mai kyau." Ɗayan ya ce, "An yi. Saura zango." Ba su san ina ji ba.

Wannan magana ta bi ni har shago. Ina taka keke ina lissafawa. Makaranta ita ce ta da. Tabarmi mun kwana a kai. Waƙoƙi su ne na da, har sauro ma bai canza ba. To me ya rage? Ba haushi nake ji ba a lokacin, so nake kawai in sani, kamar yadda in riga ta ƙi zama a kafaɗa ba na iya ajiye ta sai na gano inda yankan ya kauce. Na tambayi fasto, ya ce shi ma ya ji wani abu ya yi ƙaranci, amma bai san sunansa ba. Na tambayi matata. Ta ce, "Ka je ka gai da maigidanka mana, ka daɗe ba ka je ba."

Maigidan nawa shi ne ya koya mini ɗinki. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ma haka, shi ya sa bai je zango ba. Na same shi a ƙofar gida a kan kujerarsa ta kwanciya, na miƙa masa goro.

"Shugaba da kansa," ya ce. "Ku kawo masa kujera mai kyau, kada sabuwar riga ta taɓa ƙasa."

"Maigida, har nan labarin rigar ya zo?"

"Labarin jaki ma ya zo."

Sai na faɗa masa abin da na ji a jirgi, na tambaye shi me dattawan suke nufi. Ya ɓare goro, ya daɗe yana taunawa.

"Ka tuna shekarar da ka bar shagona?"

Na tuna. Na fita ba sallama, na buɗe nawa a layi na biyu, na janye masa masu ɗinki, ina gaya wa mutane yankansa ya tsufa. Muka yi wata bakwai ko gaisuwa babu. A majami'a shi yana hagu, ni ina dama.

"A zangon wannan shekarar, da wa ka ci?"

Da shi na ci. Na daɗe da mantawa, amma yana faɗa sai ga farantin a idona. A lokacin na ɗauka rashin sa'a ne. Ranar farko kowa ya yi ta haƙa ta gefensa, muka bar katangar shinkafa a tsakaninmu. Rana ta biyu aka yi miyar kifi, kai ɗaya ne a farantin. Bai dube ni ba, ya tura mini shi da bayan yatsa, yadda ya saba yi ina yaron shagonsa, don ya san ina son kan kifi. Na rasa yadda zan yi. In na mayar, rashin kunya ne a gaban mutane. Na ci. Rana ta uku muna wanke hannu ya tambaye ni ko kekena har yanzu yana tsinke zare, na ce yana yi, ya gaya mini abin da zan ɗaure. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Haka muka dawo jirgi benci ɗaya.

"Ka zaci ƙuri'a aka jefa?" in ji maigida. "Inna shekara guda take yi tana toya ƙosai tana saurare. Wa ya daina gai da wa, wace ta daina aika ɗanta gidan wace, duk yana kanta. Kuma ba mu biyu kaɗai take zaɓa ba. Sauran ukun ma da dalili. Ta sa mai barkwanci ɗaya, don kada shiru ya kashe mutane. Ta sa dattijo ɗaya, don kada a ɗaga murya. Sannan ta sa mai ci da yawa, don in kun tsaya fushi ku tashi da yunwa."

Na yi dariya ban shirya ba, domin na tuna mai cin namu. Wani direba ne, Allah ya ji ƙansa, hannunsa kamar shebur.

"Me ya sa ba ta taɓa faɗa ba?"

"In ta faɗa, wa zai zauna?"

"Kullum dabarar tana yi?"

"Ina fa. Akwai waɗanda suka tashi da fushinsu yadda suka zo da shi. In shekara ta zagayo ta sake haɗa su. Ba ta gajiya."

Bayan nan na shiga tambayar tsofaffinmu ɗaya-ɗaya, in na kai ɗinki ko mun haɗu a mota. Kusan kowa yana da farantinsa. Wata ta ce da matar da ta mari ɗanta aka haɗa ta. Wani ya ce da surukinsa. Wasu sun gane tun a lokacin suka yi shiru, wasu kuma irina sai da na tambaya suka tsaya suna kallona.

Ni ba malami ba ne, amma ga abin da na fahimta. Na ɗauka ana zuwa zango ne don a bar hayaniyar gari a ji maganar Allah sosai. Akwai wannan. Sai dai wa'azin gafara ba shi da wuyar amin, bakinka ne kawai zai motsa. Ko a jibin Ubangiji, in ana raba gurasa da ƙoƙo a majami'a, kowa yana karɓar nasa ya rufe ido, ba dole ya dubi kowa ba. Faranti bai yarda da haka ba. Ruwa ɗaya za ku wanke hannu, kana ganin yatsun mutumin da ka rantse ba ka ƙara kulawa, kana ganin yana jin yunwa kamar kai. Sau uku a rana, kwana uku, kuma ruwa ya raba ka da gida, ba inda za ka gudu. Na sha ji tun ina yaro cewa Ubangiji, a jibinsa na ƙarshe da almajiransa, ya sa hannu a akushi ɗaya da wanda zai bashe shi ga maƙiya. Ban taɓa tunanin yadda hakan yake a hannu ba sai yanzu.

Duk da na gane, ban je wurin Inna ba. Wannan shi ne laifina na biyu. Na zaɓi atamfa mai kyau na ɗinka, na ba matata ta kai mata. Da yamma ta dawo da ita a ledarta. "Ta ce a gode maka, tana da sutura." Na ce a raina ai na yi ƙoƙari. Na ƙara wata biyu ina faɗa wa kaina haka.

Sai wata Lahadi na ji mata suna cewa ɗan Inna ya aiko, bayan Kirsimeti zai zo ya tafi da ita gida, can ƙasarmu, gaba ɗaya. Na lissafa, saura mako uku. In ta tafi, ta tafi da abin da na yi mata, kuma na san irin wannan tafiya ba a cika dawowa ba.

Washegari ban buɗe shago ba. Na hau mota zuwa Adjamé, na same ta a bakin kasko, mutane sun kewaye ta. Wani Alhaji mai albasa, maƙwabcinta, yana zaune a benci yana shan koko. Ta ɗago ta gan ni.

"Tela, ƙosai ko magana?"

"Magana, Inna."

"To ka jira. Man suya ba ya jiran kowa."

Na tsaya gefe har ƙullu ya ƙare, hayaƙi yana shiga mini ido. Ta sauke kasko, ta goge hannu da gefen zane. Na ce ko za mu shiga daga ciki.

"A nan ma ina ji," ta ce.

Alhaji bai tashi ba, matan gidan ma sun fito bakin ƙofa. Na cire hula, na durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi miki laifi. Na wulaƙanta ki a gaban 'ya'yanki da jikokinki, kuma na zaɓi harshen da na san ba za ki iya mayar mini ba. Na ci amfanin aikinki ina saurayi ban sani ba, da na girma na ture ki daga kansa. Ba tsabta ce ta dame ni ba, so nake a ce ni na yi. Ranar Lahadi zan tashi in faɗi haka a gaban jama'a, ko kin zo ko ba ki zo ba. Ki yafe mini, Inna, saboda Allah."