Gangar Doña Eduvina Ta Ƙi Tashi

Doña Eduvina Aburto ba ta yarda da abin da ya zo a leda ba, balle wanda ya kawo shi. Tun mijinta na da rai take haɗa giyar arandano, wasu ƙananan 'ya'yan itace, a ƙauyensu da ke bayan garin Osorno, kuma ba ta taɓa sayen yisti ba. Takan tsinko 'ya'yan daga shingenta, shuɗaye da farin gari a jikinsu, ta murƙushe su ko wankewa babu, ta zuba sukari, ta rufe gangar da tsumma. Da kanta giyar ke tashi. Ranar bikin 'yancin kai a watan Satumba, kwalabenta ake fara buɗewa, kuma ba a taɓa zuwa an tarar da ita hannu rabbana ba.

Bana gwiwa ta hana ta tsinka, tsuntsaye suka cinye rabonta. Sai Maritza, matar ɗanta, wadda ke aiki a kamfanin da ke tura arandano ƙetare, ta kawo mata akwatunan da aka ƙi saboda ƙanƙantar 'ya'yan. Eduvina ta yi yadda ta saba. Ganga ta yi shiru kamar kabari. Ga zafin Fabrairu, in aka ƙara kwana biyu sai dai a zuba wa aladu.

Ta fara zargin maƙwabciyar da ta leƙo ta yaba launin ruwan, don haka ta ɗaura wa gangar jan zare saboda kambun baka. Ta zargi sukarin, ta ɗauki sandarta ta nufi kantin Don Nibaldo.

"Sukarina ba shi da laifi, Doña," in ji shi. "Ga yistin burodi, shi ko gawa ya samu sai ta tashi."

"To ka zuba wa kanka, ko ka tashi ka share kantin nan. Giya nake so, ba ƙullun fanke ba. Wannan da ya yi shekara a rana kake neman wanda za ka maƙala wa?"

Ta dawo ta tarar da Maritza a kicin riƙe da wata 'yar leda mai rubutun Faransanci.

"Mama, wannan yistin na giya ne takanas. A Osorno na saya."

"Yaushe?"

"Ran Asabar."

Eduvina ta zuba mata ido. Ran Asabar ko murƙushe 'ya'yan ba a yi ba.

"Yarinya, boka ne ya gaya miki gangata za ta ƙi tashi?"

Maritza ta sunkuyar da kai. Ta ce a kamfani ana yi wa arandano turaren farar wuta don kada ya ruɓe a jirgin ruwa, turaren nan kuwa ba ya barin komai da rai a jikin ɓawon, har da yistin da ke sa giya ta tashi da kanta. Waɗannan akwatunan sai da suka sha turaren aka fitar da su.

"Kika yi shiru?"

"Da na faɗa, da a ƙofa za ki mayar da ni da su."

Gaskiya ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Eduvina ta zauna ta jera abubuwan a ranta. Yistin Nibaldo in ya lalata mata ganga, zai rantse da kabarin uwarsa cewa ba nasa ba ne. In ta jira ikon Allah, aladu ne da riba. Na Maritza kuwa, in ya ƙi, mai laifin a gidan take kwana.

"Jiƙa shi. Da hannunki za ki zuba, ina kallo."

Washegari da hantsi tsumman ya kumbura, kumfa mai ruwan hoda ta taso har baki, ƙamshi ya cika ɗakin ajiya. Maritza ta tafa hannu.

"Kin gani, Mama!"

Eduvina ta kara kunne a jikin gangar ta daɗe tana saurare.

"Ya cika gaggawa," ta ce. "Mai gaskiya ba ya irin wannan rawar jiki. Ranar biki ke za ki fara sha, a gaban kowa."