Sifilin da Kwamfuta Ta Cinye

Lokacin da nake aji biyar a sakandaren 'yan mata a Gaya, ƙawata ɗaya ce tak. Bafulatana ce, rugarsu tana bayan Ajingi, kuma benci ɗaya muke zama. Ita ce mai surutu, ni sai dai saurare. Bebiya take ce min, ban taɓa jin haushi ba. Bayan girbin gyaɗa babanta ya ce za su yi kudu da shanu, wannan karon har da iyali. Ranar da ta zo sallama ta rubuta min lambar wayarsa a bangon littafin lissafina da jan biro.

"In ba ki neme ni ba, Allah ya isa," ta ce tana dariya.

Ba ni da waya. Ta Baba kullum tana aljihun gaban rigarsa, kuma bakina ba zai iya cewa ya ara min ba. Da ta tafi, na daina fita tara. Sai in wuce ɗakin kwamfuta in zauna kusa da taga, inda fanka ba ta kaiwa, don babu mai son wurin.

Malamar kwamfuta ce ta gaji da ganina haka. Makaranta tana son ta riƙa tura wa iyaye saƙon waya, ita kuma Malama tana haɗa abin da zai yi aikin. Ta ce in matso in koya. Wata babbar kwamfuta ce can nesa take tura saƙonnin, mu kuma sai mu rubuta mata buƙata da tsarin da ake kira XML. Kowane suna ana rufe shi tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin tsako.

Buƙatata ta farko dawowa ta yi, wai ba a gane sunayen ba.

"Ku nawa ne masu sunanki a ajinku?" in ji Malama.

"Huɗu."

"Ya ake bambanta ku?"

"Ta Kademi, ta Balan, ta cikin gari, sai ni."

"To ita ma sai kin gaya mata. Suna ɗaya yana gidaje da yawa. Ki rubuta adireshin gidan a sama, ki ba shi gajeren laƙabi, sannan ki riƙa sa laƙabin gaban kowane suna da ɗigo biyu."

Na yi haka, aka daina dawo min da ita. Saura abu ɗaya: kowane abu sai an faɗi irinsa, ko rubutu ne, ko adadi, ko kwanan wata. Da na zo kan lambar waya ban tambaya ba. Na ga ba harafi ko ɗaya a ciki, na sa adadi.

Malama ta ce in gwada da duk lambar da na sani, kuma a ƙarshen saƙo lambarta ce take fita don mai son kira. Lamba ɗaya na sani. Na rubuta: Ni ce. Ki kira wannan lambar da rana. Na tura, amsa ta dawo cewa an karɓa.

Duk Talata da Alhamis nake turawa. Na gaya wa ƙawata an sauya mana benci. Na gaya mata kyanwar ofishin shugaba ta haihu a kwali. Kullum an karɓa. Wayar Malama tana kan tebur cikin jan murfi mai tsaga a gefe, duk sanda ta yi ƙara sai in kasa kunne, sai in ji Malama tana cewa, "Na'am Yaya." Sati shida haka. Na fara gaya wa kaina ƙawata ta sami waɗanda suka fi ni baki.

Wata Alhamis bayan Azahar Malama ta ce mu gwada da lambarta kafin a fara tura wa iyaye. An karɓa, amma wayar ba ta motsa ba. Ta ce matsalar sabis ce, ta fita waje tana ɗaga ta sama. Ni kuma na zuba wa amsar ido. A ƙasa babbar kwamfutar tana maimaita lambar da ta samu. Na sa yatsa na ƙirga. Goma ne, ba sha ɗaya ba. Sifilin farko babu shi.

Da ta dawo na nuna mata da yatsa.

"Adadi kika sa? Haba 'yar nan. Kin taɓa ganin an tara lambar waya biyu? Adadi ba ya riƙe sifili a gaba, zubar da shi yake. Rubutu za ki ce." Sai ta dube ni da kyau. "Wa kike ta turawa duk kwanakin nan?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Na gyara kalma ɗayan nan, wayarta ta yi ƙara nan take. Sannan na sa lambar jan biron.

Ranar Litinin aka aiko kirana daga aji. Malama ta miƙo min wayar. Iska nake ji da kukan maraƙi.

"Bebiya! Sai yau? Wallahi har na cire ki a addu'a."

Na buɗe baki in yi mata bayanin sifilin, sai hawaye.

"Ke, yi magana mana, kan tudu na hau fa!"

"Na neme ki," na ce. "Sau goma sha biyu."

Ta fara cewa wani abu game da dawowa da damina, layin ya yanke. Malama ta sake kira sau biyu, ba ta shiga ba. Na koma aji na zauna, na janye jakata daga gefen bencin da babu kowa.